Mita Goma Sha Ɗaya

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun sa hannu. Shekara biyu ofishinmu na tsara gari yana bin masu zuba jari kamar masu neman aure, wannan ya ce ƙasar unguwar ta cika ruwa, wancan ya ce mu dawo bayan zaɓe. Yau dai wani kamfani ya sa hannu a takardar farko. Gidaje ɗari huɗu a filin tsohuwar masaƙa, da magudanar ruwa, da ƙaramin asibiti, da titi mai kwalta da zai ratsa unguwarmu ya shiga filin.

Darakta don murna har Injiniya ya runguma, mutumin da suka shekara ba sa magana sai a takarda. Wakilin kamfanin, wanda muke kira Mai Farin Takalmi don bai taɓa taka ƙasar unguwar ba sai dai ya leƙa ta gilashin mota, ya ɗaga taswirar sama ya ce, "Wa ya zana wannan?" Darakta ya nuna ni. Aka tafa mini.

Na dawo gida na ce wa Baban yara kaina ke ciwo.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Aikin nan alheri ne. Ina so in gan shi a rubuce. A unguwar nan aka haife ni. Na san yadda ruwa ke shiga ɗakuna duk damina har ya ɗaga tabarma, na san gidajen da mutum takwas ke kwana ɗaki ɗaya. Ni na auna, ni na ƙirga. Aikin alheri ne.

Alhamis, 5 ga wata, bayan la'asar

Na je gaida Baba. Na same shi a ƙofar gida da rediyonsa a cinya, ya ji labarin tun jiya yana ta faɗa wa duk wanda ya wuce. Shekara talatin ya yi yana gyaran inji a masaƙar nan, yau 'yarsa ce za ta mayar da kangonta gari.

Ya ce, "Auta, an ce titin ya kauce mana."

Na ce, "Ya kauce, Baba."

"Ikon Allah."

Na ce ikon Allah.

Sai ga Goggo ta leƙo da kwanon abincinsa, da igiyar awo rataye a wuyanta. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, tela ce da katanga ɗaya ta raba gidanta da namu, amma tun da Inna ta rasu ita ke ciyar da Baba. Ta ce, "Uwar taswira! In an yi titin a sama mini shago a bakinsa, in huta da ɗinka wa matsiyata irin ubanki, riga ɗaya tun ina budurwa nake mata faci."

Baba ya ce, "Facin ne ba ya riƙo, laifin riga ne?"

Na yi dariya tare da su. Na ji muryata, ta fita daidai.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau aka fita da jan fenti. Gida uku titin zai ci a layinmu: na Goggo, na mai wanki, da wani kango da magada suka bari. Na ce da Darakta ina da aikin da ban gama ba, ban bi su ba. Na zauna na feƙe fensir shida waɗanda ba sa buƙatar fiƙa.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Mita goma sha ɗaya ne kawai.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Goggo ta zo ofis. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta sa mayafinta na fita, ta zauna a bakin kujera kamar wadda ta zo ganin likita, ta ciro takardar daga cikin leda. Ta ce jikan mai wanki ya karanta mata amma ba ta yarda da karatunsa ba, ni take so ta ji daga bakina.

Na karanta mata. Wata uku a tashi. Za a biya diyya. Za a ba su fifiko in an gama sabbin gidaje, nan da shekara biyu.

Ta ce, "Sake karantawa, a hankali."

Na sake.

Ta lanƙwasa bakin ledar. Can ta ce, "Masu kawo mini ɗinki duk 'yan layin nan ne. In na koma bayan gari wa zai bi ni? Ido ma ya fara tafiya, zare sai an zura mini." Ta ɗago ta dube ni. "Ba abin da za ki iya, ko?"

Na ce lissafin injiniyoyi ne, Goggo.

Ta ce, "Na sani. Da da yadda za ki yi, da kin yi. Kar ki sa wa ranki damuwa, kin ga yadda kika rame kuwa?"

Na raka ta har bakin titi na tare mata mota. Da na dawo na shiga banɗaki na kulle, na daɗe ina wanke hannu.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban karya wata doka ba. Mai zane yana da ikon gyara layi in ya ga dalili. Akwai dalili a rubuce cikin fayil.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Injiniya ya shigo ya rufe ƙofa. Bai gaishe ni ba. Ya ɗauko zanen bara da na bana ya haɗa su, ya manna a gilashin taga yadda haske zai ratsa duka biyun.

Ya ce, "Zo ki ga wani abin mamaki. Titin nan ya taho a miƙe tun daga gada, ko atishawa bai yi ba. Da ya zo daidai nan sai ya ji kunya ya kauce."

Na ce ƙasar wajen ba ta da ƙarfi, na rubuta a fayil.

"Na karanta. Ni na tsaya aka haƙa ramin gwaji a wajen. Ƙasar ta fi kan Darakta tauri." Ya ɗora yatsa a kan wani ɗan murabba'i. "Gidan wa ye wannan?"

Fanka tana ta kaɗa takardun kan tebur.

Ya naɗe zanen ya ce, "Shekara tara muna aiki tare, ban taɓa kama ki da kuskuren taku ɗaya ba. Ba zan kai ƙararki ba. Amma hannuna ba zai hau takardar nan ba."

Asabar, 14 ga wata, da hantsi

Ban je wajen Baba ba. Na aika masa da maganinsa na zuciya ta hannun Baban yara.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Darakta ya kira ni. Tun da Injiniya ya ƙi sa hannu ya je ya buɗe fayil da kansa, kuma ba wawa ba ne. Ya kashe wayarsa, ya ce in zauna.

Ya ce, "Ban ji ba, ban gani ba. Zan sa wani ya sa hannu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka mayar da layin inda yake fa?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce in aka taɓa taswirar nan sai ta koma majalisa, daga nan ta tafi ma'aikata, wata uku ke nan in an yi sa'a. Kamfanin kuwa ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Ƙaramar hukumar da ke ƙetaren kogi tana can ta share musu fili, har ruwa ta ja, jira kawai take mu yi tuntuɓe.

"Gidaje ɗari huɗu a hannu ɗaya, gida uku a ɗaya hannun. Ke kika fi mu iya lissafi. Ko ta ina titin ya bi sai ya ci gidan wani. Tashi ki koma bakin aikinki, ki ci abinci, kin zama kamar sandar awo."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi damuna ke nan, gaskiya ya faɗa.

Talata, 17 ga wata, bayan magariba

Na faɗa wa Baban yara, bayan yara sun shiga ɗaki da aikin makaranta. Ya saurara har na gama, yana juya cokali a kofin shayin da ya riga ya huce.

Ya ce, "Ni ma da ubana ne, da haka zan yi."

Na ce ba abin da nake so ka ce ba ke nan.

"To me kike so in ce?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to ki bari in shanye shayina tukuna, ko dabara za ta fito daga ƙasan kofi. Ya so in yi dariya. Na ɗauke kofin daga gabansa na kai wajen wanke-wanke, har da shayin.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ɗari huɗu. Uku. Ɗari huɗu. Uku.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Taron jama'a a makarantar firamaren unguwa. An jera mu a gaban allo, mutane sun takure a bencin yara gwiwoyinsu a ƙirji. Mai Farin Takalmi ya zo, an shimfiɗa masa katako daga ƙofar mota zuwa baranda saboda taɓo. Ya nuna hotunan gidaje masu furanni a taga. Mata suka yi ta tafi. Wata ta tambaya ko da gaske kowane gida da famfonsa, da aka ce e sai ta rufe fuska da mayafi.

Sai mai wanki ya miƙe. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya shekara arba'in yana guga, ya san layi miƙaƙƙe in ya gan shi. Me ya sa titi ya lanƙwashe daidai gidan uban ma'aikaciya?

Duk aji ya juyo ya dube ni.

Kafin Darakta ya buɗe baki Goggo ta tashi. Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Ta ce, "Kai, kama bakinka! Yarinyar nan a bayana ta girma. Da uwarta ta kwanta ciwo ni na goye ta, ni na ɗinka mata rigar makaranta ta farko, wadda ta shigo da ita ajin nan da muke zaune. Gidana ma an shafa masa jan fenti kamar naka. In akwai wanda za ta cuta a duniya, ni ce za ta cuta? Ka nemi gafararta."

Mutane suka ce gaskiya ne, gaskiya ne. Mai wanki ya juyo ya ce, "Ki yafe ni, 'yata, zafin rai ne."

Dattijo mai furfura ya nemi gafarata a gaban jama'a. Na gyaɗa masa kai.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya yadda yake.

A zanen farko titin ta tsakiyar gidan Baba ya bi. Gidansa da kangon ne kawai zai ci. Wata ranar Alhamis, wata biyar da suka wuce, bayan kowa ya tashi, na matsar da layin mita goma sha ɗaya zuwa gabas, na rubuta dalilin ƙarya. Na san gidan wa ke gabas. Ban yi kuskure ba, ban manta ba. Na sani.

Shekara tara Baba ya yi yana gina gidan nan, bulo goma yau, bulo ashirin wata mai zuwa. A ɗakin tsakiya Inna ta cika. Ya sha faɗa cewa daga nan sai kabari. Likita kuma ya ce a kiyaye masa zuciya daga tashin hankali. Waɗannan su ne dalilaina. Na jera su yanzu a takarda, na ga ba su kai tsawon da nake zato ba.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa wa Baba. A tsakar gida, ina durƙushe, maganinsa a jakata ko da za a buƙata.

Bai buƙata ba. Ya kashe rediyo. Ya daɗe yana kallon katangar da ke tsakaninmu da Goggo, ana jin ƙarar kekenta ta bayanta.

Ya ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce, "Baba, kai ka ce daga nan sai..."

"Na ce. Tsoho yana faɗin abubuwa da yawa. Na ce kuma ba zan ƙara shan sukari ba, kin ga na daina?" Muryarsa ta sauka. "Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka da matar nan. Ita ta yi jinyar uwarki har ƙarshe. So kike in zauna a ƙofar gida da rediyona ina kallon motoci na bi ta kan ɗakinta, ina cewa ikon Allah? Kin bar ni na ce ikon Allah, Auta."

Na yi kuka. Bai ce in yi shiru ba.

Da zan tafi ya ce, "Ki je ki miƙe layinki. Ita kuma da bakinki za ki faɗa mata, ba da nawa ba."

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, kwafi ga ma'aikata, na haɗa da zanen farko. Shafi ɗaya. Na kai da hannuna aka buga mata hatimin karɓa.

Darakta ya karanta a tsaye. Ya ce, "Kin wanke zuciyarki da ruwan mutane ɗari huɗu." Bai ɗaga murya ba. Na gwammace da ya ɗaga.

Litinin, bayan la'asar

Na faɗa wa Goggo. Tana kan keke tana ɗinka wuyan riga. Ƙafarta ta tsaya a kan feda. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ci gaba da ɗinki. Na tsaya kusan rabin sa'a. Ba ta ɗago ba.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

An dakatar da ni har a gama bincike. Na miƙa mabuɗin ofis. Injiniya ya taya ni ɗaukar kwalin kayana zuwa bakin titi, bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Ya ce kawai, "Kin manta abin fiƙe fensirinki," ya jefa mini a kwalin.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Labari ya gama unguwa. A kasuwa wata mata ta tare ni, ita ce ta tambayi zancen famfo ranar taro. Ta ce shekara shida sunansu na cikin jerin masu jiran gida, 'ya'yanta biyar, ɗaki ɗaya. Ta ce, "Kin yi ɓarnarki a ɓoye, ki bar ta a ɓoye mana. Sai da abu ya zo bakinmu sannan tsoron Allah ya kama ki?"

Na bar tumatirin da na zo saye a kan tebur na taho.

Talata, 31 ga wata

Ƙarshen wata. Waya ba ta yi ƙara ba. Na share gidan sau biyu.

Asabar, 4 ga sabon wata, ƙarfe tara na safe

Injiniya ya kira. Kamfanin bai tafi duka ba, amma ya raba ƙafa. Gidaje ɗari biyu da arba'in a wajenmu, sauran sun ƙetare kogi. Magudanar ruwa tana nan. Asibitin an ce sai zagaye na biyu, kowa ya san ma'anar wannan. Shugaban ƙaramar hukuma ya shiga ya fita aka rage wata ukun zuwa mako shida. Titi zai bi layinsa na farko.

Gida ɗari da sittin muka rasa. Ni na tsara jerin masu jira, na san daga wane suna za a yanke. Matar kasuwa tana ƙasa da wajen.

Ba zan rubuta cewa na yi daidai ba. Na daina yin ƙarya ne kawai, kuma wasu ne suka biya.

Talata, 7 ga wata, bayan la'asar

Tun kafin taswirar ta dawo daga ma'aikata an goge jan fentin gidan Goggo da na mai wanki, an shafa a namu. Baba ya fito ya nuna wa mai fentin inda bango ya fi santsi.

Na je gidan mai wanki na durƙusa na mayar masa da gafarar da ya nema. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya juya ga gugarsa.

Goggo ta aiko a kira ni. Ba ta ce in zauna ba. Ta ce, "Ba gidan ne ya ƙona mini rai ba. Da kin zo kin ce, Goggo, ubana ba zai iya tashi ba, wataƙila da na yi tunani, wataƙila da na zage ki. Amma sau biyu kika karanta mini takardar nan. Ina kallon bakinki. Muryarki ko rawa ba ta yi ba."

Na ce, "Goggo, ki yafe mini."

Ta ce, "Ban ce ba zan yafe ba. Ba yau ba dai. Ki tafi. Ubanki kuma ba ya cin abu mai yaji da yamma, kar ki biye masa in ya ce yana ci."

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mun kwashe Baba, ya ƙi jiran wata ukun da ake bayarwa. Kayan shekara arba'in, mota ɗaya ta ɗauke har da sauran wuri. Ya shiga ɗakin tsakiya shi kaɗai ya rufo ƙofa, muka jira a waje. Da ya fito ya miƙa wa Baban yara mabuɗi ya ce a kai wa hukuma. Goggo ta tsaya a ƙofarta, suka yi sallama da shi kamar gobe za su haɗu. Ni ba ta dube ni ba.

Gidanmu a hawa na uku yake. Matakala arba'in da biyu. Baba ya ƙi a ɗauke shi, ya ce shi ba buhu ba ne. Sau huɗu ya huta, ina bayansa da kujerar roba, yara na gaba suna ƙirga masa. A hutu na uku leɓɓansa suka yi fari, na ji tsoro, ya ɗaga mini hannu alamar in bar shi.

Da muka shiga bai nemi gado ba. Ya dafa bango ya nufi taga. Daga nan ana hango unguwar duka: rufin kwano masu tsatsa a manne da juna, kangon masaƙa, gada, da motocin kamfani biyu masu ruwan ɗorawa da suka riga suka iso bakin fili. Bai taɓa ganin ta daga sama ba. Ya daɗe yana neman gidansa da yatsa a kan gilashi, ya wuce shi sau biyu, sai da na kama hannunsa na ɗora a wajen.

Ya ce, "Wannan ɗan abin?"

Na ce e, Baba.

Ya yi huci a hankali. Sannan ya ce, "Ashe haka kike ganinmu."

Na matso masa da kujera.